Kafso a Cikin Laya

Zamanin da kafso ya fara shigowa Zariya, maƙogwarona ya kumbura. Malamar asibiti ta ba ni, ta ce in shanye duka ko da na ji sauƙi.

Da sauƙin ya samu, na yi nazari irin na manya: me zai sa in haɗiye maganin da zai tsare ni har tsufa? Na kai wa baduku sauran, ya ɗinke su a laya, na rataya.

Kumburin ya dawo har da ƙannensa.

"Malam, ina sauran maganin?" in ji malamar.

Na nuna wuyana. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira abokan aikinta.

Har yau dukawan Tudun Wada kan gaishe ni da, "Malam, yaya jikin layar?"