Gidaɗo da Fatar Maraƙin Faransa

"Takarda ce!"

"Fata ce, Malam Gidaɗo."

"Mariama, ni za ki gaya wa? Ni da na buɗi ido a cikin kundin kakana? Ko a duhu aka miƙo mini littafi, shinshinawa ɗaya zan faɗa miki garin da aka rubuta shi, har da abin da marubucin ya karya kumallo da shi. Takarda ce, irin mai kaurin nan ta Turawa."

"Fatar ɗan maraƙi ce."

"To ai abin da nake faɗa ke nan. Takardar fata."

Kun ji shi ko? Wannan shi ne Ya Gidaɗo, ɗan baffana, Farfesa Na-Riga-Na-Sani, wanda ya daɗe a aji biyu har malaman jami'a suna tambayarsa lafiyar iyali. Ni Kulu na iya muryarsa sosai. Na taɓa yin sallama da ita a bakin ƙofa, Yaya Ja'afar ya yi wuf ya ɓoye kwanon nama.

Mariama kuwa ƙawata ce, 'yar Damagaram, tarihi take karantawa, Faransanci a bakinta kamar ruwa. Da yamma takan je unguwar Mohandessin ta karanta wa wata tsohuwa da ake kira Madam littattafai, saboda idonta ya yi rauni. Gidaɗo ya yi wata da watanni yana neman aurenta, ita kuma ta ce ran Alhamis za ta ba shi amsa a gidan Yaya Ja'afar da ke unguwar Madinat Nasr, inda nake zaune. Shi ya sa ya iso cikin shadda wadda ta sha sitaci, in ya fita daga cikinta ma za ta iya ci gaba da zance ita kaɗai.

Abin da ya haɗa su musu falle ɗaya ne, bai fi tafin hannu da rabi ba. Madam ce ta ba Mariama ta kai wa mai gilashi a unguwar Darrasa a sa masa firam, ta biyo ta wajenmu tukuna. Ta buɗe kwalaye biyun da ta sa shi a tsakani, muka leƙa. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, harafin farko kuwa zinariya ce zalla a kan wani shuɗi mai ɗaukar ido, ga furanni sun nannaɗe gefe, da ɗan tsuntsu yana leƙen rubutun.

"Daga littafin addu'o'in Kirista aka ciro shi," in ji Mariama. "A Faransa aka rubuta, da hannu, ya haura shekara ɗari shida. Madam ta ce na wata matar basarake ne, daga ita ya koma gidan masu ibada. Da aka yi juyin juya hali aka watsa kayansu. Can baya wani dillali ya farke ɗinkin ya riƙa sayarwa falle-falle, kakan mijin Madam ya sayo wannan ya zo da shi Iskandariyya a jirgin ruwa."

"Duk na san wannan," in ji Gidaɗo. "Miƙo in karanta muku."

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin huɗuba, ya ɗora yatsa a hannun dama.

"Bonjuur... madmazel... kwamanta..."

"Latin ne, ba Faransanci ba. Kuma a kife ka riƙe shi."

"Masana ta ƙasa suke farawa, ke ba ki kai nan ba." Ya juya shi da sauri, ya hango wasu 'yan huji a jere a gefe. "Kash! Gara ta ci."

"Marubucin ne ya huda da tsinke, don ya ja layi ya miƙe."

"Ko garar tasu a layi take ci. Turawa ke nan."

Ta nuna masa yadda fuska ɗaya take fari sumul, ɗayar kuma ta ɗan yi rawaya, har ana ganin ƙofofin gashin maraƙin. Ya ce dama yanzu yake shirin nuna mata. Ni dai ina bayan kujera ina kwaikwayon yadda yake ɗaga gira, Mariama tana cije leɓe.

Sai idonsa ya sauka a kan abin da zai fanshe shi. Fallen bai kwanta ba, ya ɗan yi tudu da kwari.

"Haka za ki kai wa mai gilashi, a yamutse? Ai sai ya raina ki."

"Fata haka take, tana motsi da damshi. Don Allah kar ka taɓa."

"Tamam, na ji," in ji shi.

Ta mayar da shi cikin kwalayen ta ajiye a kan tebur. Anti Nana Aisha, matar Yaya Ja'afar, ta ƙwala mana kira daga kicin, "Yalla, ku zo ku kama mini!" Yaya Ja'afar ya sauka sayo burodi. Aka bar Farfesa shi kaɗai a falo, shi da tebur, da dutsen gugar Yaya a lungu.

Ku sani, in akwai abin da Gidaɗo ya iya da gaske a duniya, guga ce. Takardun makarantarsa ma sai ya goge su kafin ya kai ofis. Kuma a bazarar nan ta 2014 wuta ba ta yini ba a ɗauke ta ba. Ranar, don tsautsayi, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ina yanka albasa na ji "fuuuu!" Na san sautin. Ruwa ne aka guntsa a baki aka fesa, yadda ake wa shadda. Sai "tsssss." Sai shiru. Sai wani "fuuuu!" mai ƙarfi, na wanda abu ya fara kuɓuce masa.

Anti ta ɗaga hanci. "Wa ke babbakar ganda a bene na biyar?"

Mariama ta saki ludayi.

Mun same shi zaune daram a kan babban ƙamus ɗin Yaya, gumi ya jiƙa sitacin, yana murmushin ango.

"Me ke ƙarƙashin ƙamus ɗin, Ya Gidaɗo?" na tambaya.

"Ana kammala aiki ne. Matakin ƙarshe ke nan, dannewa."

"Tashi," in ji Mariama.

Ya tashi, ta ɗaga ƙamus. Jama'a, maraƙi ya koma maraƙi! Fallen ya tsuke, ya murɗe, ya yi ƙarau kamar kunnen akuya da aka gasa. Layukan sun hau kan juna, tsuntsun ya shige cikin furanni. Zinariyar kuwa ga ta can a gindin dutsen guga tana ƙyalli.

"Da na ga gefe ɗaya ya tattare," in ji shi, "sai na bi ɗayan don su daidaita."

Daidai nan Yaya ya shigo da burodi a hannu, ya tsaya yana shinshina. Mariama ta ɗauki abin da yatsu biyu, muryarta can ƙasa.

"Yaƙi bai ci shi ba. Gobara ba ta ci shi ba. Ya tsallake ɓera, ya tsallake dillali, ya ƙetare teku. Sai da ya zo hannunka, a tsakanin yanka albasa da zuba gishiri. Kana jiran amsa ko? A'a ce. Khalas, an gama. Abu ɗaya na ce kar ka taɓa." Ta juyo gare mu, idonta ya cika. "Ni yanzu me zan gaya wa Madam?"

Gidaɗo ya gyara hula, ya ɗaga gira.

"Ma'alish, ba komai, ai da sauƙi. A jiƙa shi da 'yar kanwa ya kwana. Ganda kumbura take yi, gobe sai ya fi da girma, har a yanka mata biyu."