Ranar da Na Juye Tiren Hoce

Ranar Asabar ɗin da aka yi bikin abinci a bakin titin Ƙaura, na sa farar shadda, na fesa turare, na tafi neman Balkisu, wadda na yi wata uku ina so ban iya yi mata magana ba. Na hango ta tsaye gaban tiren hoce, wainar dawar nan. A littattafan da na karanta jarumi ba ya ciniki, kuma kowa ya san ma'anar saurayi ya saye tallar budurwa duka.

Na ɗaga murya don jama'a su shaida: "Mai wanga tire ta tafi da zuciyata. A juye mini duka."

Balkisu ta rufe baki da mayafi. Na ɗauka kunya ce, ashe dariya take. Tiren kakarta Inna Tumba ne, tsaro kawai aka ba ta, kuma tsohuwar tana tsaye bayana.

Inna Tumba ta rangaɗa guɗa. "Tun rasuwar Malam ba a juye mini tire ba. Yaushe za ka turo magabatanka?"

Kwana huɗu muna cin hoce a gida. Balkisu ta yi aure bara, amma har yau in mun haɗu sai ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Kaka? Amaryarka tana gaishe ka."