Ranar da na tara mata don a rubuta Anas da sunana

Ba zan taɓa mantawa da wannan la'asar ba. Shekarar da aka sake buɗe Harami bayan annoba ce, gab da azumi, ba a daɗe da rasuwar maigidana Malam ba, muna nan gidanmu na unguwar Ƙurban.

Anas jikana ne. Uwarsa ta rasu ba a yaye shi ba, ubansa Sani kuma ya tafi Amurka aikin haɗa magunguna. A bayana ya fara jin kiran sallar Ƙuba. Sai da gemu ya fara tsiro masa uban ya ɗauke shi, wai jami'a.

Wata rana Sani ya kira ni, yana cewa a can gwamnati na rage wa mutum haraji idan yana ɗauke da nauyin ɗan makaranta, za su zauna da mai lissafi a ga ko za a sake rubuta Anas a ƙarƙashinsa bana.

Na ce, "Ƙarƙashin wa? Kai ka goya shi?"

Ya yi dariya. "To Umma, ki zo ki faɗa wa mai lissafin da bakinki. Ɗan Damagaram ne, yana jin Hausa."

Wasa yake yi. Ni ban ji wasa ba (ban yi karatu ba, amma ba a taɓa kayar da ni a zance ba, wannan kuwa ita ce cutata). Na shiga gidajen maƙwabta ina shelar cewa gwamnatin Amurka za ta rubuta sunana a matsayin wadda ta raini Anas. Ranar na dafa gahawa, na fito da dabino mai kyau, na sa turaren wuta. Hajiya Zahra 'yar Sudan ta zo, Hajiya Mairo ta taho tun daga Uhudu a tasi. Muka jingina waya da butar shayi.

Da fuskokin Sani da Anas da mai lissafin suka fito a wayar, ban jira sallama ta ƙare ba. Na fara daga ranar suna. Na bi ta ƙyanda, ta haƙoran farko, ta ranar da ya ɓace a kasuwar dabino na same shi yana barci kan buhu. Mata na cewa "Masha Allah." Bawan Allah ɗan Damagaram ya bar ni na gama tsaf.

Sannan ya ce, "Hajiya, Allah ya saka. Amma su abin da suke tambaya na bara ne kawai. Ina ya zauna, wa ya ciyar da shi?"

Bara ko tuwo ɗaya bai ci daga hannuna ba.

Sai Anas ya matso, da Larabcinsa kamar kullum, "sitti" yake ce wa kaka. "Ya sitti, ni ma na ce Baba ya cire ni. Ina aiki yanzu. Ni ke biyan bashin karatuna, kuma ba za su rage mini harajin kuɗin ruwan ba sai in ba na ƙarƙashin kowa."

Bashi. Da ruwa. A gaban Hajiya Mairo, wadda na shekara uku ina gaya wa kyauta yake karatu saboda ƙwaƙwalwa. Ta ajiye kofinta a hankali ta ce, "Hajiya, gahawar nan ta yi daɗi," kamar mai ta'aziyya.

Wallahi kunyar ta wuce cikin mako guda, mata sun sami wani zancen. Abin da bai wuce ba shi ne wannan "ba na ƙarƙashin kowa", daga bakin yaron da ba ya iya barci sai ya riƙe gefen mayafina. Na shirya yin faɗa da ubansa a kansa, ashe mu biyun duka an riga an sallame mu.

Tun daga nan na koyi in ji ƙarshen magana kafin in hura turare in kira mutane.

Hajiya Zahra ta rasu bayan Hajjin wannan shekarar, tana maƙabartar Baƙi'a. Saura ni da Mairo, ita ma kunne ya tafi, ba ta tuna komai sai gahawar. Anas yana kira ranar Juma'a, idan bai da aiki.