Yadda Ake Cin Bilakjak Ranar da Baffan Amarya Ya Zo Bincike

Kai da ka baro gida ka zo Dubai neman na kanka, kuma ka gaji da jiran ƙarshen wata kamar sauran bayin Allah, matso kusa. Matakai shida ne, kuma na yi maka alkawari duk wanda ya bi su sai ya ga sakamako. Shaidata Musbahu, akawun sito a wani kamfanin kayan gini da ke Dubai Investments Park. Shekara biyu muka yi ɗaki ɗaya a unguwar Hor Al Anz, shi a gadon ƙasa, ni a na sama. A 2019 yana neman auren wata Wasila 'yar Gwammaja, magana ta yi nisa, abin da ya rage kawai danginta su binciki halinsa.

1. Canza wa abin suna

Caca ta 'yan tasha ce. Kai mai digiri ne, don haka abin da kake yi sunansa lissafi. Wasan bilakjak ba wuya: a raba maka karta, jimlarka ta fi ta mai rabawa amma kada ta haura ashirin da ɗaya. Mai rabawar mace ce ta gaske, zaune gaban kyamara a wata ƙasa mai sanyi, kana kallonta kai tsaye a wayarka. In wani ya tuna maka cewa doka ta hana, addini ya hana, yi masa kallon tausayi irin na Musbahu, ka tambaye shi makin da ya ci a lissafi a sakandare.

2. Haddace jadawali

Akwai wata takarda mai ja da kore da rawaya, wadda ke gaya maka yaushe za ka ce a ƙaro, yaushe za ka tsaya, yaushe za ka ninka. Buga ta da injin ofis, kada ka yi asarar dirhaminka. Musbahu ya haddace ta a motar kamfani, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, ido a rufe, leɓe na motsi. Har wani dattijo ɗan Pakistan da ke zama kusa da shi ya taɓa kafaɗarsa wata safiya, ya roƙi ya sa mahaifiyarsa cikin addu'a. Musbahu ya gyaɗa kai, ya ci gaba da bitar abin da ake yi da sha shida in mai rabawa na da goma.

Ga hikima kyauta: takardar ba ta taɓa cewa za ka ci ba. Cewa ta yi za ka yi asara a hankali, cikin tsari da natsuwa, kamar mutumin kirki.

3. Raina mai ba ka shawara

Issifu, ɗan Ghana mai gadi a wani otel, shi ne na uku a ɗakinmu. Ya leƙa wayar sau ɗaya ya ce da irin maganarsu ta Ghana, "Massa, in matar nan na faɗuwa kullum, wa ke biyan ta salary?" Irin wannan tambaya daga wanda bai je jami'a ba, ba a amsa ta. Yi tsaki, ka sa abin jin magana a kunne.

4. Zaɓi suna mai albarka

Mai rabawa na kiran 'yan wasa da sunan da suka sa wa kansu. Kada ka sa Zaki ko Janar kamar yara. Musbahu mutum ne mai soyayya, sai ya sa Angon Wasila. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, ranar hutunsa kenan, Baturiya za ta murguɗe harshe ta yi wa Angon Wasila maraba, shi kuma ya washe baki kamar an ɗaura.

5. Kada baƙo ya tashe ka daga tebur

Mai binciken shi ne Alhaji Mika'ilu, ƙanen mahaifin Wasila, ɗan kasuwar Kwari da ke zuwa kasuwar Naif ta Dubai saro abaya da takalma. Kwana uku yana tambaya a lungunan kasuwa, kowa na yabon yaron: ba ya shan taba, ba ya bin mata, sallah ba ta wuce shi. Alhaji ya gamsu. Ya aiko cewa zai zo ranar Juma'a bayan la'asar ya ci shinkafa ya sa albarka, shi ke nan.

Sai aka gama ɗaure masa kaya da wuri, ya iso ƙarfe biyu da rabi, Issifu ya buɗe masa ƙofa. Daidai lokacin Musbahu ya zuba kuɗin da bai taɓa zuba irinsu ba, kuma karta biyu masu lamba takwas sun faɗo masa. Ya tura wayar ƙarƙashin matashi, ya zube gaban Alhaji yana gaisuwa, igiyar abin kunne ta fizge. Alhaji na cikin tambayar ya aiki ya zafi, sai muryar mace ta fito daga matashi da Turanci mai zaƙi, tana cewa Angon Wasila, kai muke jira, masoyi.

Nan ake gane ƙwararre. Mutum na gari zai bar kuɗin ya tafi, ya ƙirƙiri ƙarya ko mara daɗi ce. Amma jadawali ya ce takwas biyu kullum raba su ake yi su zama hannu biyu, kuma daƙiƙa biyar suka rage. Musbahu yana durƙushe, hannu ɗaya a cikin na Alhaji, ya miƙa ɗayan ya jawo wayar ya danna. Ni da ke kallo daga sama, kunya ta hana ni saukowa.

6. Kare kanka da ilimi

Kada ka ba da haƙuri, yi bayani. Musbahu ya juya wa Alhaji fuskar wayar, ya shiga nuna masa cewa wannan ba sa'a ba ce, ribar masu gidan ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ta kai ba ga wanda ya iya. Alhaji ya saurara bai katse shi ba, yana kallon matar na juya karta. Hannu biyun duka suka ci.

"Ka ci ke nan?"

"Na ci, Baba. Duka biyun."

"To madalla." Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. "Abu ɗaya nake roƙo. Kafin in gama sa takalmina, ka cire sunan 'yata daga bakin matar nan."

Bai ci shinkafar ba. Ya yi wa Issifu godiyar buɗe ƙofa, ya sauka.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba boka ba ne, ba lauya ba ne, kuma ba ruwansa da abin da zai sami aljihunka, bizarka ko aurenka. Alkawarin sakamako na yi, ban faɗi wane iri ba. Masu ƙorafi su nemi Musbahu, ba ya da wuyar samu. Ya nemi a canza masa suna a ranar, masu shafin suka amsa da cewa sunan ɗan wasa ba ya canzuwa. An ɗaura wa Wasila aure da wani malamin makaranta bayan babbar sallah. Shi kuwa yana nan kan tebur duk Juma'a, yana bin jadawali babu kuskure ko ɗaya, Baturiya na yi wa Angon Wasila maraba.