Hajiya Santaral Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, iyalan Malam Kalla, tsohon direban babbar mota, mai sayar da albasa a Zongon Wagadugu, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na unguwannin Zongo da Ouidi da Bilbalogho da Pissy, har da na can gida Madawa ta Nijar, rasuwar kwamfutarsa ta kan tebur, wadda kowa ya sani da Hajiya Santaral. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin shagon albasa, bayan doguwar jinya da gajeren magani.

An haifi marigayiyar a Turai, a shekarar da babu wanda ya iya tunawa. Ta iso ta tashar ruwan Lome da tsufanta, ta yi aiki a wani ofis, sannan ta koma hannun wani mai ɗaukar bidiyon biki. Santaral dai sunan akwatin kwamfuta ne da Faransanci, sunan Hajiya kuwa ba a banza ta same shi ba. Ta ƙetare teku, tana da jiki, kuma babu mahaluƙin da ya isa ya sa ta sauri. In an danna mata maɓalli da safe, sai ta ce "bip" sau ɗaya cikin natsuwa, ta ja numfashi "vuuuu", kafin ta buɗe ido mutum ya gama shan shayinsa har ya wanke kofi.

Jama'a sun daɗe suna tambayar abin da ya haɗa mai albasa da kwamfuta, mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa. Yau da ta faɗi, iyalai sun ga ya dace a faɗi gaskiya. Ranar bikin 'yarsa Nafisatu, Malam Kalla yana tsaye kusa da mai bidiyo, matarsa Habi na zaune cikin mata. Sai Habi ta waiwayo, ta dube shi, ta ce wani abu tana murmushi. Lasifika na ta ɓarin kiɗa, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya yi mata alama da hannu cewa anjima. Hidimar biki ta mantar da su, kafin damina ta zagayo kuma Allah ya yi wa Habi rasuwa. Faifan da mai bidiyo ya kawo duk amarya ce da 'yan rawa, ya yanke wurin tsofaffi. Amma ya rantse cikakken ɗaukar na nan cikin kwamfutarsa, kuma makirfonsa ya kama maganar. Da mai bidiyon zai koma Abijan, Malam Kalla ya saye kwamfutar ɗungurungum, ya ɗauko ta a kan amalanken albasa. Abu ɗaya yake nema a wurinta, ya ji me Habi ta ce.

To, a nan ne Hajiya Santaral ta nuna halinta. Tana buɗe bidiyon lafiya lau. A ga amarya, a ga tukwane, a ga 'yan rawa, a ga Habi cikin lafayarta ruwan goro. Tana waiwayowa, tana buɗe baki, sai Hajiya Santaral ta sume a tsaye. Hoto ya ƙame, kibiya ta ƙame, Habi ta tsaya baki buɗe kamar mai shirin atishawa. Wata rana kuma ko suman ba ta yi, sai ta ɗauke wuta ɗif, ta ce "bip", ta sake tashi daga farko, tana gaishe da mutane kamar yanzu gari ya waye. An ba Malam Kalla shawara ya tsallake farkon bidiyon ya tafi kai tsaye wurin. Ya ƙi. A cewarsa, Habi tana raye ba a taɓa katse ta ba, ba kuwa za a fara yanzu ba. An gwada kwashe bidiyon a ɗan kile, ƙaramin abin nan da ake zuba waƙoƙi da hotuna a ciki, nan ma ta sume a tsakiyar hanya.

Duk da wannan larura, marigayiyar mai kirki ce, kuma za a daɗe ana shaidarta. Ba ta taɓa ƙorafin warin albasa ba. Kazar maƙwabta ta yi ƙwai a bayanta saboda ɗumi, ba ta kore ta ba. Ta sha mari a gefen dama, ta sha a gefen hagu, ba ta taɓa ramawa ba, in ban da sau ɗaya da ta ja Na'Allah, aminin Malam Kalla, da wuta a yatsa, shi ma mutanen kirki sun ce ya cancanta.

Babu wanda zai ce iyalai sun yi sakaci da jinya. An sauya mata wayar wuta, an sauya mata wurin jonawa. An kai ta wurin mai facin taya ya hura mata iska, ta fitar da ƙura da ɓawon albasa da gawar ƙadangare guda, ta samu sauƙi na kwana biyu. Wani ya ce a ciro ƙwaƙwalwarta a goge bakin da magogin fensir, aka goge har sai da magogin ya ƙare. Rasmane tela, maƙwabcin shago, ya ara mata fankarsa ta tsaye, shi ya zauna yana ɗinki cikin gumi, don zumunci. Na'Allah ya ji ana cewa birus ne, wato ƙwayar cuta, ya kama ta, ya tafi asibitin unguwa ya tambayi ranar rigakafi. Malam Kalla da kansa ya lura cewa in ta sume, bayanta yana zafi kamar murfin injin motar da ta hau tudu da lodi, amma ya rasa inda ake zuba mata ruwa.

Likita ɗaya ya rage, shi ne Safwan mijin Nafisatu, mai gyaran kwamfuta a garin Bobo. Sai dai Safwan suruki ne. Malam Kalla mutumin Madawa ne na asali, ko ido ba ya haɗawa da surukinsa, balle ya zaunar da shi ya nuna masa yana kallon Habi a bidiyo kullum. Ya yi ta daurewa har abin ya ishe shi. Ranar Litinin ya kira waya, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar yara da aiki da zafin gari, sannan ya ce wai kwamfutar wani abokinsa ce ke zazzaɓi.

Iyalai sun amince a rubuta amsar Safwan yadda ta shiga kunnen Malam Kalla, da muryar kunya da layin waya mai yankewa:

"Baba, wannan zafi ne kawai, sa shof. A ɗaga ƙaramar fankar da ke ciki, a ƙarƙashinta akwai ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu. A shafa masa pat termik… kamar… shinkafa… shi ke nan, Baba."

"To, madalla. Allah ya yi albarka," in ji Malam Kalla, ya kashe waya.

Bai nemi ƙarin bayani ba, don ba a sa suruki maimaita magana. Kuma me zai tambaya? Faransancin Malam Kalla na tasha ne, amma ingantacce ne. Duk ɗan Nijar ya san pat tuwo ne. Termik kuwa ɗan uwan termos ne, abin da ke riƙe zafi. Ga shi kuma yaron ya ambaci shinkafa da bakinsa. Tuwon shinkafa mai zafi ke nan, babu ja. Shi kuwa Safwan haifaffen Wagadugu ne, tuwo a bakinsa "to" ne tun yana yaro, bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai jin pat ya tuna da tukunya ba. Wani farin man shafawa yake nufi, mai kama da man goge baki, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar shinkafa.

Malam Kalla ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa. Ashe yunwa ce! Shekara da shekaru baiwar Allah tana aiki ba a taɓa ba ta ko loma ba, dole ta riƙa suma. Washegari ya aika wurin Sauda mai tuwo, ya ce a tuƙa na musamman, mai laushi, na marar lafiya, a zubo a termos. An ɗan yi gardama a bakin shago. Na'Allah ya dage cewa tuwo ba miya zalunci ne, a sa ko 'yar kuka ce. Rasmane ya ce shi dai a iya saninsa, nasara ba sa son yaji. Aka tsaya a kan gaya. Malam Kalla ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙaramar fanka, ya gutsiro tuwo. Ya dubi gutsuren, ya ga rowa ce a ba majinyaci wannan. Sai ya ɗora malmala guda, ya danna fanka a kai, tuwo ya fito ta kowane gefe.

Waɗanda suka halarci cikawarta sun shaida cewa ta tafi cikin mutunci. An danna maɓalli, ta ce "bip". Ta ja numfashi, amma maimakon "vuuuu" sai aka ji "caɓ, caɓ, caɓ". Wani ƙamshi ya tashi, Sauda da ke leƙe ta taga ta ce wannan ƙanzo ne, a sauke. Daga nan marigayiyar ta ce "biiiiiip" mai tsawo irin wanda ba a taɓa ji daga bakinta ba, ta saki ɗan siririn hayaƙi, ta yi shiru. Na'Allah ya ce a bar ta, barcin ƙoshi ne. Har la'asar ba ta farka ba.

Dariya ta ƙare wa Malam Kalla a ranar. Ya zauna a kan buhun albasa ya haɗa kai da gwiwa. Ƙarfen bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya ƙone maganar Habi da hannunsa, kuma ba shi da wanda zai tambaya kuma.

Safwan ya iso daga Bobo ranar Alhamis don wankan gawa. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya kwance ƙusoshi, ya ɗaga murfi, ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce a gafarce shi, albasa ce ta shiga masa ido, ya fita bayan shago. Mutanen Ouidi sun ce sun jiyo shi. Ya dawo da fuskar ta'aziyya, ya sake leƙawa, ya ga shatin yatsun Malam Kalla a jikin tuwon, albasa ta sake shiga masa ido.

Marigayiyar ta rasu ta bar allo ɗaya mai tabon ƙuda a kusurwa, da madannai wanda harafin A ɗinsa ya riga ta tafiya, da linzami mai ɗingishi, da lasifika biyu, ɗaya kurma. Ta bar kazar maƙwabta cikin maraici. Ta kuma bar wani ɗan ƙaramin akwatin ƙarfe da ke can ƙasan cikinta, inda tuwo bai kai ba, wanda Safwan ya ciro ya goge da gefen rigarsa.

"Baba, disk ɗin bai mutu ba. Duk abin da abokin naku ya ajiye yana nan."

Ya jona shi a tasa kwamfutar ta hannu, ya ajiye a kan tebur, ya ce zai je ya sayo ruwa. Ya ja Na'Allah da Rasmane suka fita tare, duk da tulu na nan cike a shagon.

Malam Kalla ya kalla tun daga farko, bai tsallake komai ba. Amarya ta wuce, tukwane suka wuce, 'yan rawa suka wuce. Habi ta waiwayo. Ya riƙe gefen tebur yana jiran a sume, ba a sume ba. Shekarun nan duka ya sha raya abin da ta ce, wata rana wasiyya, wata rana godiya, wata rana irin maganar da tsofaffi ba sa faɗi a gaban mutane. Muryarta ta fito tar a kan kiɗan:

"Malam, gyara hularka, a karkace take. Mutane na kallo."

Rasmane, wanda ya rantse ba leƙe yake ba, ya ce ya ga Malam Kalla ya kai hannu biyu ya daidaita hularsa a gaban allo. Sannan ya fashe da dariya, yana yi hawaye na zuba har gemu, ya mayar da bidiyon farko.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar azahar. Liman ya ba da uzuri, ya ce iliminsa bai kai kan gawar da ake jona wa wuta ba, don haka za a ɗauki marigayiyar a amalanke daga ƙofar shago zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ke hanyar Pissy, inda za a auna ta a sallame ta. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙarƙashin rumfar Rasmane. Sauda ce da abincin sadaka, kuma iyalai sun roƙe ta ta yi dafa-duka. Ana roƙon masu zuwa kada su ambaci kalmar pat a gaban Safwan, don idonsa bai warke ba. Malam Kalla zai zauna a bakin ƙofa yana amsa ta'aziyya, kuma ya ce duk wanda ya ga hularsa ta karkace, don Allah ya gaya masa.