Auduga a Kunnen Malamin Kunne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mahaifin Rukayya ya aiko in je Gozaki ya gan ni ba. Ko yanzu in na tuna, sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Funtua, kuma duk cikin darussa babu wanda nake ji da shi kamar na kunne. Ko zance na je wurin Rukayya, maimakon kalamai masu daɗi sai in kama yi mata bayani: sauti yana shiga ramin kunne, ya bugi dodon kunne, wata 'yar fata mai kama da ta ganga, ita kuma ta girgiza wasu ƙananan ƙasusuwa uku, su kaɗa ruwan da ke cikin wani abu mai siffar katantanwa, daga nan jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. (Yarinyar nan ta yi haƙuri da ni, wallahi.)

Ta dai gargaɗe ni: "Baba ba ya ɗaga murya, kuma daga zama ɗaya yake yanke wa mutum hukunci. In ya ce a'a, an gama."

Damina ce, ga iska mai sanyi, ni kuma in iskar babur ta buge ni kunnena ciwo yake. Sai na cusa auduga a kowane kunne, na danna hula, abokina Sani ya goya ni. Kafin mu isa, fargaba ta sa na manta da wata auduga sam.

Za ku ce, to ban ji kunnena a toshe ba? Ai nan ne abin haushin. In kunne ya toshe, muryar mutum takan bi ta ƙashin kansa ta isa ciki, har ta fi ƙarfi. Da na yi sallama na ji muryata rangaɗau, sai na ɗauka komai lafiya. Ni da nake koyar da wannan a aji!

Muka durƙusa a zaure. Kun san ba a kallon fuskar suruki, don haka na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma. Ga kunne a toshe, ga ido a ƙasa. Maganar Alhaji, mahaifin nata, kuwa tana zuwa mini kamar daga cikin rijiya. Na ce a raina, lallai tsohon nan ba ya ɗaga murya. Duk inda ya numfasa sai in jefa "Haka ne, Baba," ko "Amin, amin."

Can na tsinci kalma biyu: "masara" da "bana". Na ce yauwa, ga inda zan burge. Na gyara murya na ce, "Masha Allah! Allah ya maimaita mana baɗi, Baba. Allah ya ninka!"

Sani ya mintsine ni a cinya kamar zai cire nama. Ashe abin da bawan Allah yake faɗa shi ne tsutsa ta cinye masa masara bana, gonar da ya fi sa rai da ita ko iri ba zai mayar ba.

Na ɗago. Alhaji ya zuba mini ido, sannan ya juya wurin Sani, ya ɗaga murya yadda ko ni sai da na ji: "Yaro, abokin nan naka kurma ne, ko dai mugu ne?"

Maimakon in yi shiru, sai malantar ta motsa. Na ce, "Haba Baba, kunnena garau! Ni fa nake koyar da kunne." Na kai hannu in nuna masa, sai yatsana ya taɓo laushi. Na jawo. Auduga ce, ta yi baƙi da ƙurar hanya. Na jawo ta ɗaya kunnen. Nan take duniya ta buɗe: kukan kaji, sakwara a turmi, da dariyar mata daga cikin gida, har da wadda na san muryarta.

Da Sani ya raɗa mini addu'ar da na yi, sai na gane ɓarnar da na tafka. Ga ni durƙushe da auduga a hannu biyu kamar na kawo tsaraba. Na riga na sallama Rukayya a zuciyata.

Alhaji ya dubi audugar da ke hannuna. Sannan ya ce, "To, gara da ya zama toshewa ce. Ka turo manyanka. Amma addu'ar nan taka, ka janye ta kafin ka tashi."

Na janye ta da babbar murya, har sau ba adadi.

Yanzu muna da 'ya'ya da Rukayya, amma har gobe in na je gaisuwa, Baba sai ya taɓa kunnensa ya ce, "Malam, a buɗe ko a rufe?" kafin ya amsa. Ni kuma tun daga ranar, ko liman ne ke addu'a, sai na tabbatar na ji abin da ya roƙa kafin in ce amin.