Ranar da Na Cire Baba Sada a Filin Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na zama koci ba, duk da cewa mulkin nawa a bakin fili bai wuce tsakanin la'asar da magariba ba. Har yau in na shiga motar Kurfi sai na ja hulata ƙasa, don ban san wanda zai gane ni ba.

Ni dai sana'ata sayar da kayan gyaran babur a Dutsin-Ma. Amma in ka tambayi 'yan unguwarmu, cewa za su yi gardamar ƙwallo ce sana'ata, shagon kuwa wurin hutawa ne. A gidan kallo bencin gaba nawa ne. Babu kocin Turai da ban kora da bakina ba, babu ɗan wasan da ban sayar ba, wani ma har sau biyu. In lokacin cinikin 'yan wasa ya zo, sai ka rantse da ni ake shawara. Kai, har wasan nan na Amurka da ake dukan ƙwallo da sanda a ruga da gudu na taɓa gani a waya, na zo majalisa na yi bayanin cewa mai jifan ne ya kashe su, ya kamata a sallame shi. (Har yanzu ban san yadda ake cin wasan ba.) Da haka suka laƙaba mini Farfesa, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Muna da ƙungiyar unguwa, kuma Malam Iro ne kocinta tun yaran suna buga ƙwallon tsumma. Malamin firamare ne, mai sanyin magana, ba ya ihu a bakin fili ko da ana cin mu. Wannan sanyin ya daɗe yana ƙona mini rai, amma babban laifinsa a wurina shi ne Baba Sada.

Baba Sada manomi ne, ɗan baya, ya haura arba'in da 'yan kai, da furfura a gemu da ɗan tumbinsa daidai misali. An ce a zamaninsa bango ne. A zamanina kuwa, in zai juya sai ka ce amalanke ake juyawa a lungu. Malam Iro kan ajiye shi a benci a kusan kowane wasa, amma duk ranar da za mu kara da Kurfi sai ka gan shi a lamba biyar tun daga farko har a tashi. Su kuwa Kurfi suna da wani ɗan gaba da ake kira Guguwa, yaron da masu tsaron gidan yankinmu kan yi addu'a in sun ji sunansa. Karawarmu biyu ta baya da su duk canjaras aka yi, babu ci. Malam Iro ya ɗauki wannan a matsayin nasara, ni na ce tsoro ne da rashin sanin ƙwallon zamani.

Na dami Alhaji Lawal, uban ƙungiyarmu, wanda ke saya mana riguna ya kuma ɗauko mana mota. Safe da yamma ina kai masa sukar Malam Iro. Da aka zo gasar bayan Sallah muka kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma da Kurfi a gidansu, sai Alhaji ya gaji.

"To, Farfesa, na ba ka yaran," ya ce. "In ka ci Kurfi, kujerar taka ce. In ba ka ci ba, ka rabu da kunnena."

Haka na sa kujerar bawan Allahn nan a caca, ko ɗar ban ji ba.

Aikina na farko ciniki ne. Na hau babur na tafi Karofi, na karɓo wani yaro Nafi'u daga ƙungiyarsu, ɗan baya mai gudun tsiya. Na ba su aron ragarmu ta ajiya da wani ɗan tsakiyarmu (dama ba ya gaishe ni). Na dawo ina faɗa wa majalisa cewa an gama da Guguwa.

Ranar wasa, muna sauka a filin makarantar da za a buga, Malam Iro ya ja ni gefe. Shi ma ya biyo mu, ya ce zai zauna a benci ya riƙe wa yara ruwa.

"Farfesa, ka yi duk tsarin da ka ga dama," ya ce. "Abu guda nike roƙo. Ka bar Baba Sada cikin hili har a tashi. Akwai dalili."

"Wane dalili?"

Ya waiga ya ga Baba Sada na ɗaure takalmi kusa da mu, sai ya rage murya. "Ba maganar da za a yi gabanshi ba ce. Mu ɗan matsa can."

"Malam, ba ni da lokaci," na ce. "Dalilin dai na sani, abota ce."

Ya yi murmushi kawai ya koma benci. Sai dai Allah ya sa tayar babur ɗin da ya ɗauko Nafi'u ta yi faci a hanya, ga alƙalin wasa yana ta busa usur. Dole, ina ƙunƙuni, na fara da Baba Sada.

Aka take wasa. Ni ina bakin layi, hannu a aljihu, ina kai da kawo kamar yadda na ga manya na yi a talabijin. Abin mamaki, Guguwa ya zama iskar fanka. In ya ɗauko ƙwallo ya yanke mutum biyu, yana hango Baba Sada sai ya sunkuyar da kai ya mayar da ita baya. Wani lokaci ya koma can gefen layi ya tsaya. Akwai inda suka yi karo kaɗan, na ga yaron ya bar ƙwallon ya riƙe hannun tsohon don kada ya faɗi. 'Yan Kurfi suna ta tsaki, suna cewa, "An hwara ke nan!" Ni kuwa na juya na kalli bencinmu na ce, "Kun gani? Tsarina ne ya ɗaure shi. Na toshe masa hanyoyin iska." (Wallahi haka na ce, hanyoyin iska.) Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci.

A nan Nafi'u ya iso, duk ya yi gumi. Na tara yara na zana musu dabaru a ƙasa da tsinke, na ce tunda mun kashe Guguwa, saura mu ƙara gudu daga baya mu ci wasa. Kyaftin ɗinmu ya gane inda na dosa.

"Koci, don girman Allah kar ka taɓa Baba," ya ce. "Ai kai ma ka san..."

"Ni ne koci ko kai?"

Ya girgiza kai ya koma cikin yara.

An dawo ba da jimawa ba na ɗaga hannu na nemi canji. Baba Sada ya dube ni daga nesa, ya nuna ƙirjinsa, na gyaɗa kai. Ya tako a hankali. Yana kawowa bakin layi sai ga Guguwa da gudu, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. A huta lahiya." Na ce a raina, yaron nan dai akwai ladabi, ko da yake ƙwallon ta ƙare masa.

Sai filin ya ɗauka gaba ɗaya. 'Yan Kurfi suka tashi tsaye, masu ganga suka saki kiɗa, ana tafi ana nuno ni. Na ji wani yana kururuwa, "Allah shi saka ma da alheri, kocin Dutsin-Ma!" Wani ya ce, "Allah shi kai ka Makka!"

To, mai karatu, ka san abin da na yi? Na ɗauka hatta abokan gaba sun ga basira sun kasa ɓoyewa. Na juya na fuskance su, na cire hula, na ɗaga musu hannu biyu. Har da ɗan rusunawa.

Ban gama mayar da hular ba ƙwallo ta shiga ragarmu. Guguwa ya karɓa daga tsakiya, ya zura wa Nafi'u ta tsakanin ƙafafu, ya wuce ya bar shi yana neman ta a ƙasa. Kafin mu farfaɗo ya sa ta biyu da ka. Yaron da ya yini yana sunkuyar da kai yanzu har tsalle yake yana juyi a sama.

Na koma benci, na zauna kusa da Malam Iro. "Malam, me ke faruwa?"

Ya duba ya ga Baba Sada ya zauna can nesa yana kwance takalmi, sannan ya ce, "Guguwa ɗiyar Baba Sada yake aure. Surukinshi ne. Ko ido ba ya iya haɗawa da shi, bare ya yanke shi gaban jama'a. In ya kada uban matarshi ƙasa, da wane ido zai shiga gida?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ci mini rai, na je ɗaurin auren nan. Na ci alkaki, na sha lemo. Amma lokacin da ake shafa fatiha ina can bayan rumfa ina gardamar wani ɗan wasa da aka saya da tsada a Turai, ko fuskar angon ban gani ba. Kowa a filin nan, har masu sayar da rake, ya san wannan magana. Farfesa kaɗai ne bai sani ba.

Na tashi da gudu na nufi alƙalin wasa, ina roƙonsa ya bari in mayar da Baba Sada. Ni da na sha koya wa mutane doka a gidan kallo, ni ne nake cewa, "Yallaɓai, ai kuskure aka yi, ba shi na so cirewa ba." Ya dube ni ya ce wanda ya fita ya fita, in koma wurina ko ya ba ni kati. 'Yan Kurfi suka ji, suka ɗauki waƙa da sunana. Ina tsaye a wurin aka sa mana ta uku, ta huɗu kuwa ban gan ta ba, don na rufe fuska da hula.

Da aka tashi, kocin Kurfi ya ratso jama'a ya kama hannuna da hannu biyu. "Malam, mun gode ƙwarai," ya ce. "Mun daɗe muna roƙon Allah a hidda mana surukin nan, sai yau aka amsa." Ba da ba'a ya faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai Baba Sada ne. Sai a lokacin na gane cewa a garin surukansa na tsayar da wasa na fitar da shi, dangin mijin 'yarsa suna kallo. Na same shi a gindin bishiyar bedi, takalmansa a gefe, yana murza gwiwa. Na tsuguna na ce, "Baba, ka yafe mini. Ban kyauta ba."

"Ba komi, Farfesa," ya ce. "Ni ma gwiwar nan ta ishe ni, don Malam Iro nike daurewa. Kuma ka san tausan yaron nike ji? Kullum ana ba ni labarin ƙwallonshi, ni ban taɓa gani ba, don in ina ciki ba ya bugawa. Yau dai na gani da idona."

Muna cikin haka Guguwa ya zo, ya tsaya daga nesa ya cire takalmi, ya durƙusa kansa a ƙasa. Da ƙyar ake jin muryarsa. "Baba, a yi haƙuri."

"Haƙurin mi?" in ji Baba Sada. "Ta ukkun nan da ka buga da hagu, ko ni a zamanina ba ni tare ta. Allah shi yi maka albarka. Tashi ka tahi gida, ka ce mata ina gaishe ta."

Yaron bai ɗago ba har ya bar wurin. Ni kuwa idona ya cika da ƙwalla, don kunya da wani abu da ya fi kunya.

A mota ban jira Alhaji Lawal ya buɗe baki ba. Na miƙe, kaina na bugun rufi, na ce kujera ta Malam Iro ce, ni kuma a taimaka a karɓo mana ragarmu daga Karofi. Aka yi dariya har direba. Malam Iro bai ce mini "na faɗa maka" ba, ko sau ɗaya. Cewa ya yi Nafi'u yaro ne mai kyau, za a riƙe shi, kuma ina da ido wajen gane masu gudu. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Baba Sada bai sake sa rigar ƙungiya ba tun daga ranar, kuma tun daga ranar Kurfi ba su sake tausaya mana ba. Ni dai gardama ban daina ba, wannan sai ranar da aka kai ni makwanci. Amma na rage saurin yanke hukunci. Yanzu in na ga koci ya kafe a kan wani tsoho a baya, ko da a Turai ne, jama'a na ta zaginsa a gidan kallo, ni sai in kama bakina. Wa ya sani, ƙila ɗan gaban can 'yarsa yake aure.